Ramin Gwaji a Gindin Ceɗiya

Tun ranar da aka ce hukumar ruwa za ta duba tsohon bututun layin, mutane suka kwantar da hankalinsu, don sun ji wadda aka ɗora wa aikin. 'Yarsu ce. A gabansu ta girma, a gidan telan nan mai shago a gindin ceɗiya, ƙanen mahaifiyarta. Su har yanzu yarinyar nan suke gani mai wucewa da jakar makaranta kai a sunkuye, wadda in ka gaishe ta sai ka kasa kunne kafin ka ji amsa. A ofis Injiniya ake ce mata. Kawunta kuwa Uwata yake kiranta, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mata.

Aikin ba mai wuyar bayani ba ne. Babban bututun da ke kawo wa layin ruwan sha na baƙin ƙarfe ne, an binne shi tun kafin a haifi yawancin masu shan ruwansa. Ɗayan abu biyu za a yi masa. In jikinsa da sauran ƙarfi, sai a kankare cikinsa a zura masa rufi na roba, daga farkon layi zuwa ƙarshe, ba wanda za a taɓa wa ƙofar gida. In kuwa ya ruɓe, sai a tsaga layin daga sama har ƙasa a sa sabo. Ɗaya gefen titin babu wuri, lambatu da wayar lantarki sun cinye shi, don haka dole sabon ya bi sawun tsohon. Shi kuma tsohon, a taswirar da ke kan teburinta, ta ƙarƙashin ceɗiyar Kawu ya ratsa, ta tsakiyarta sak.

Abin da zai raba gardama shi ne ramin gwaji. A haƙa, a tono bututun, a yanko guntu a duba. Ita ce za ta nuna inda za a haƙa.

Da hantsi suka zo duba layin, ita da Dogo, shugaban masu haƙa. Dogo ya girme ta nesa ba kusa ba, amma bai taɓa raina ta ba. Kukansa da ita ɗaya ne, wai sai ya duƙa kafin ya ji umarni, bayansa har ya fara ciwo. Suka faro daga sama, wajen kantin magani, inda titin ya ɗan yi tudu. Ya soka tsinin ƙarfen da ke hannunsa a gefen kwalta, ya murza, ya zaro shi da farin yashi.

"Injiniya, ga wuri. Ƙasa a bushe, ba saiwa, ba laka. Kafin azahar mun gama mun rufe."

Ta dubi yashin, ta dubi gangaren layin, inda ceɗiyar ta baje ta rufe rabin titi.

Dogo ya rage murya, abin da ba ya yawan yi. "Ƙa'ida ta ce rami ɗaya a kowane layi, ba ta ce a ina ba. Ba wanda zai tambaye ki. Ni kuma kin san tsawona, ba na ganin abin da ke ƙasa."

"Mu ƙarasa gangaren tukuna," ta ce.

Ta san abin da yake nufi, shi ma ya san ta sani. Ƙarfe a cikin busasshen yashi yana iya ganin jikokin wanda ya binne shi. A cikin laka mai danshi kuwa, ƙasa ce ke cinsa a hankali. In aka haƙa a nan sama, bututun zai fito lafiya lau, a rubuta lafiya lau, a zura rufi, ceɗiya ta ci gaba da zamanta. Sai dai rufin siriri ne, ba ya tsayawa da ƙafarsa, jingina yake da jikin tsohon ƙarfen. Ranar da ƙarfen ya saki, tare za su tafi.

Gindin ceɗiyar kuwa bai taɓa bushewa ba, wannan ta daɗe da saninsa. Tun tana ƙarama, in ta zauna tana tsince wa Kawu zare, takan ji sanyin ƙasar yana ratso tabarma, ko da an yi wata da watanni ba a ga ɗigon ruwan sama ba. Ƙafafun keken ɗinkin kullum cikin tsatsa suke, har Kawu ya gaji ya sa musu fasassun tayil a ƙasa. Sauran itatuwan layin su kaɗe ganye su tsaya tsirara, ita ceɗiya shar da ita. Mutane suna cewa albarka ce. Sai da ta je jami'a, wata rana a aji malami yana bayanin yadda ruwa ke tsiyaya ta mahaɗar tsohon bututu, sannan ta gane abin da ke shayar da ceɗiyar. Ba ta faɗa wa kowa ba. Dama ba ta saba faɗa ba.

Suka tarar da Kawu a inda yake kullum, keke a waje cikin inuwa, abin awo a wuya, tabarau a kan karan hanci. Shagon kansa ɗan ƙuntataccen ɗaki ne mai taga ɗaya, yana kallon yamma. Da can a ciki yake ɗinki. Tun da idonsa ya fara rauni ya fito waje, don hasken fitila hawaye yake sa shi, duhun ɗakin kuma ya hana shi ganin kafar allura. Hasken gindin ceɗiya ne daidai da idonsa, wanda ganye ya tace. In babu ita, daga azahar har faɗuwar rana wurin ba ya zaunuwa.

Kusa da shi mai aski ya kafa kujerarsa, madubinsa rataye a ƙusa a jikin itacen.

"A'a, ga hukuma da kanta!" in ji mai aski. "Ranki ya daɗe, a taimaka a ƙara mana ruwa. Jiya da rabin kumfa a fuska na sallami mutum."

"Ina kwana, Baba."

"Me ta ce? Dogo, kai da ka saba, fassara mini."

"Ta ce gemunka ma yana buƙatar ramin gwaji."

Kawu bai ɗago ba, yana da baƙo. Wani mutum ne ya kawo tsohuwar kwat yana so a canza mata shafi. Daga waje kwat ɗin ba ta da aibu, har ƙyalli take. Kawu ko kallon gabanta bai yi ba. Ya juyo cikinta waje, ya lalubi hammata, ya kama yadin tsakanin manyan yatsunsa ya ja a hankali. Saƙar ta buɗe baki. Ya koma wuya, nan ma haka.

"Malam, ka yi haƙuri. Ba za ta riƙe shafi ba."

"Haba dai! Dubi gabanta fa, kamar jiya aka saya."

"Gaba ba ya gumi. In na ɗinka maka, ranar da ka ɗaga hannu za ka tare mota, ranar za ka zage ni."

Mutumin ya naɗe kwat ɗinsa ya tafi yana ƙunƙuni. Ita kuwa ta ga wannan sau ba adadi, tun ba ta kai tsawon keken ba.

Ta shiga gida gaishe da Inna, matar Kawu. Ta same ta a bakin famfo da bokitai a jere, don ruwan bai daɗe da dawowa ba bayan ɗaukewar safe. Abin da ke zuba a bokitin farko launin ƙasa ne, da wani ɗan bashi-bashi.

"Na farko na yayyafa tsakar gida ne," in ji Inna, kamar mai gabatar da 'ya'yanta. "Na biyu na wanki. Sai ya yi hankali sannan mu sha. Ke dai ki ji shi in za a ɗauke, sai ya riƙa zuƙa kamar tsoho da miya mai zafi."

Ta yi dariya don Inna ta yi, amma idonta yana kan bokitin. Bututun da ke zubar da ruwa in ya cika, shi ne ke tsotso abin da ke kewaye da shi in ya wofinta. Lambatun layin kuwa faɗin titi ne kawai tsakaninsa da ceɗiya.

Da ta fito, Dogo ya tafi wajen mota, mai aski yana yi wa wani aski. Kawu yana taka keke.

"Uwata."

"Na'am, Kawu."

"Dogo ya ce wai can wajen kantin magani ƙasar ta fi daɗin haƙa."

"Haka ne."

"To. Ni dai ban san aikinku ba." Ya tsinke zare da haƙori, ya gyara zaman yadin. "Na dai ce kada a wahalar da bayin Allah da saiwa."

Iyakar roƙon da bakinsa zai iya ke nan. Mutumin da ya ɗinka mata kowace rigar makaranta tun daga ta farko, yana barin kalmasa mai faɗi don ya riƙa saki tana girma, wanda ko ruwa zai ce ta ɗebo masa sai ya haɗa da in ba ki gaji ba.

"To, Kawu," ta ce. Irin to ɗin nan ne da ba e ba, ba a'a ba, shi ma ya san shi.

Washegari ta zo da gwangwanin fenti na fesawa, wanda suke shata wurin haƙa da shi. Ta tsaya a gaban kantin magani tana girgiza shi, ɗan ƙwallon da ke ciki yana ƙarar-ƙarar. Masu haƙa suka sauke diga da shebur a nan, don Dogo ya riga ya gaya musu. Ta girgiza gwangwanin fiye da yadda yake buƙata. Sai ta gangara. Ta wuce gidan mai wanki, ta wuce shagon caji, ta shiga inuwar. Tsakanin kujerar mai aski da keken Kawu ta duƙa ta fesa layi huɗu shuɗaye a ƙasa.

Keken ya tsaya. Dogo ya sosa ƙeya, ya juya ya daka wa mutanensa tsawa su kwaso kaya, kamar su ne suka yi kuskuren saukewa a can.

Aka rufe ruwan layin daga sama, aka fara haƙa. Ta ce kada a sare babbar saiwa ko ɗaya tukuna, a bi ta tsakaninsu, don haka aikin ya koma na shebur da hannu. Ƙasar sama ja ce. Kafin a kai gwiwa ta koma baƙar laka mai kama shebur, tana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ruwa ya fara taruwa a sawun ƙafar masu haƙa. Mutanen layin suka kewaye ramin, masu tafiya aiki ma sai sun leƙa kafin su wuce. Kawu ya ja kekensa gefe ya ci gaba da ɗinki, amma duk wanda ya san ƙarar keken nan ya san ba ɗinki yake ba, takawa kawai yake.

Rana ta ɗaga sosai kafin shebur ya yi ƙara a jikin wani abu. Aka share da hannu, aka watsa bokitin ruwa. Sai ga bututun kwance, baƙi wuluk, sumul, ba ɗigon jar tsatsa a jikinsa. Har haruffan masana'antar da ta zuba shi suna nan raɗau, kamar jiya aka buga.

"Allahu akbar!" in ji mai aski. "Wallahi ya fi ƙafata lafiya! Ku dubi aikin mutanen da. Wannan ai sai ya binne mu duka."

Aka kwashe da dariya. Wata mata ta ce dama ita ta faɗa. Kawu ya taso ya zo bakin ramin, ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya leƙa. Ta ga kafaɗunsa sun sauka, karo na farko tun jiya.

Dogo ya duƙo kusa da kunnenta. "An gani da ido, Injiniya. Kowa shaida ne. A inda kika ce aka haƙa, ba a inda na ce ba. Mu ɗauki hoto, mu yanki guntu a saman bututun, mu rufe?"

Ta karɓi ƙaramar guduma ta sauka tsani. Takalmin robarta ya nutse a laka. Daga ƙasan ramin fuskokin mutane sun yi mata zobe, ganyen ceɗiya a bayansu.

Irin wannan ƙarfen ba ya nuna tsufansa a fuska, shi ya sa ake buga shi a ji. Ta buga gadon bayansa, ya amsa ƙwal, tas da shi. Ta matsa gaba ta buga, ƙwal. Ta gangaro da gudumar ta gefe, ƙarar tana gajarta. Ta durƙusa, ta yaye lakar da ke ƙarƙashi da hannu, ta buga cikinsa daga ƙasa. Dif. Kamar an bugi jiƙaƙƙen katako.

Ita da Dogo kaɗai suka ji. Ya rufe ido ya buɗe. A sama ana ta hira, mai aski ya fara lissafa waɗanda za su yi masa aikin mayar da kujera.

Ta san muryarta. Ko ta yi bayani daga ramin nan ba zai kai kunnen kowa ba, in ma ya kai, me za ta ce wa mutanen da suka gani da idonsu? Akwai sukudireba a aljihun rigar aikinta, da shi ake wannan gwajin. Ta taɓa shi, ta bar shi. Ta ɗaga kai.

"Kawu, ara mini almakashi."

"Me ta ce?" in ji mai aski.

"Almakashi take so," in ji Dogo, wannan karon ba wasa.

"Shi ke nan," in ji mai aski, "za ta yi wa bututu gyaran fuska, ta ƙwace mini sana'a."

Kawu bai yi dariya ba. "Almakashina? A jikin ƙarfe?" A gidan nan ko takarda ba a yanka da almakashinsa. Sau ɗaya ta taɓa yi tana aji biyu, kuma shi ne kaɗai karon da ya taɓa ɗaga mata murya.

"Ba zai dushe ba, Kawu."

Ya dube ta, ya dubi ramin. Sannan ya sa hannu a aljihu ya ciro ƙaramin, na yanke zare, ya miƙa wa Dogo, Dogo ya miƙa mata.

Ta buɗe shi, ta ɗora tsinin bakinsa guda a ƙasan bututun, ta danna. Ya shige kamar a sabulu. Ta ja, wani baƙin abu ya nannaɗo ya faɗo tafin hannunta. Ta sake dannawa ta murɗa, guntu kamar gaɓar babban yatsa ya ɓalle. Ragowar ruwan da ke kwance a ciki ya taru a wurin ya yi ƙwallo, sannan ya zubo siriri kamar zare. Da ta zura hannu can baya wajen mahaɗa, sai ta ji ƙananan saiwoyi masu laushi kamar gashi sun dunƙule sun rungume wurin.

Ta hau tsani. Hirar ta mutu tun kafin ta ƙaraso. Ta sa wa Kawu almakashin da guntun a hannu.

Almakashin ya fara dubawa. Ya goge shi a gefen riga, ya ɗauko ƙyallen farin yadi daga kan keke ya yanka. Ya ci tas, bai tauna ba. Sannan ya juya guntun, ya murza shi, yatsunsa suka yi baƙi. Ya goga shi a kan ƙyallen, ya ja layi kamar na fensir.

"Ina ƙarfen ya tafi?"

"Ƙasa ta tsotse shi, Kawu. Siffar kawai ta bari. A sama da sauransa, a ƙasa babu."

"Ruwan nan da Innarki ke tarawa a bokiti…"

"In akwai ruwa, ta nan yake fita. In an ɗauke, ta nan na waje yake shiga."

Ya juya ya dubi lambatun da ke tsallaken titi, ya dubi ramin, ya ɗaga kai ya dubi ganyen.

"To a je sama a haƙa wani mana!" in ji mai aski, murya ta canza. "Layin nan duk wuri ne. Sai a gindin abincin mutane? Ke fa 'yarmu ce. Ko ba 'yarmu ba ce?"

Ba ta iya kallonsa ba. Kawu ta kalla, ta ce a hankali, yadda shi kaɗai zai ji, "A hammata na duba, Kawu."

Ya sa almakashin a aljihu, da guntun tare, wataƙila bai ma lura ba. Ya lulluɓe keken da zanen da yake lulluɓe shi, ya roƙi biyu daga cikin masu haƙa su kama masa a shigar da shi shago, alhali ko azahar ba a yi ba.

Aka yanke guntun bututun, aka sa sabo a gurbinsa aka ɗaure, aka mayar da ruwa. Ɗakin gwaji na hukuma ya faɗi abin da almakashi ya riga ya faɗa, da dogon bayani. Ta rubuta rahoto, shugabanta ya sa hannu. Ta sake shimfiɗa taswirar, ta bi ta kowace kusurwa ko akwai inda sabon bututu zai kauce, har ta je ofishin masu lantarki da ƙafarta ta tambayi zurfin wayarsu. Babu.

Ranar da masu zarto suka zo tana wurin, don aikinta ne. Mai aski ya zare madubinsa daga ƙusa, ya wuce ta gabanta da kujera a ka, bai tsokane ta ba, ita kuwa da ya zage ta ma da ya fi mata sauƙi. Ƙofar shago a rufe take. Inna ta ce Kawu yana hutawa. Daga sama aka fara, reshe-reshe, ana saukewa da igiya saboda wayoyi. Tsuntsaye suka tashi suka yi ta kewaya wurin. Da la'asar layin ya yi wani irin haske da ba ta taɓa saninsa da shi ba, gidajen duk suka fito da tsufansu, kamar mutumin da ya cire hula a cikin taro.

Bayan nan ta riƙa bi ta bayan layin in za ta duba aiki. Aka tsaga, aka shimfiɗa sabon bututu, aka rufe. Aikinta ya koma wata unguwa, ta sami hujja. Sai da Inna ta kira ta a waya ta ce, "Ke, ko tare da bututun aka binne ki ne?" sannan ta shirya ta zo, ranar hutu da safe.

Sabuwar kwalta ta bi layin kamar faci a tsohon wando. Mai aski ya koma jikin katangar mai wanki, ya ɗaga mata reza daga nesa, ba fara'a sosai, amma ya ɗaga. A ƙofar shago Kawu ya yi rumfa. Da ganin ɗinkin ka san nasa ne: ragowar yadudduka masu kauri ya harhaɗa, kowane da launinsa, ya ɗaure a kan sanduna biyu da ya kafa a ƙasa. Inuwar ba ta fi ta keken da mai keken ba.

"Injiniya," ya ce. "An tuna da mu?"

Ta durƙusa ta gaishe shi. Kalmar ta soke ta.

"Da safe ina taɓawa," ya ce, kamar ta tambaya. "In rana ta juyo sai in tattara. Manyan ɗinki na daina karɓa, sai gyare-gyare." Yana magana yana shata wuyan wata farar riga. Ba da alli yake shatawa ba, don farin alli ba ya fitowa a farin yadi. Baƙin guntun nan ne a hannunsa, ya fere bakinsa ya yi tsini.

Inna ta fito da kofi, ta tsaya a sabon famfon da aka sa a ƙofar gida ta tara, ta miƙo mata kai tsaye, ba bokiti na farko ba na biyu. "Sha ki ji aikinki. Ni yanzu ban san me zan yayyafa wa tsakar gida ba."

Tana cikin sha idonta ya faɗa kan sandunan rumfar. Rassan ceɗiyar ne, ta gane ɓawonsu. Na hagu ya bushe. Na dama kuwa, wanda ke kusa da inda famfo ke ɗiga, ya fitar da ganye ƙanana guda-guda, jajaye-jajaye, masu sheƙi. Ta dubi sandar. Ta dubi gefen sabuwar kwalta. Ta sake duban sandar. Ta sunkuyar da kai cikin kofin.

"Na ga idonki," in ji Kawu, bai ko ɗago ba. "Tun kina rarrafe na san idon nan. Faɗi."

"Ya yi kusa, Kawu. In ya kama a nan, saiwarsa bututun za ta nufa."

"Sabon ma?"

"Sabon ma."

Ya ajiye rigar. Ta jira ya ce wani abu mai nauyi, ta shirya ɗauka. Sai ya zare abin awon daga wuyansa ya miƙa mata, ya haɗa da baƙin guntun.

"To nuna mini inda hukuma ta yarda."

Ta kama bakin awon a gefen kwalta, Inna ta taka mata shi da ƙafa, ta ja shi har ya ƙare, ta sake ja. Wurin ya faɗo can gefen shago, a lungun da ake jingine tsintsiya, ta yamma. Ta yi alama a jikin bango da guntun, baƙin layi gajere.

"A nan ba ɗigon famfo," ta ce. "Sai an riƙa ba shi da hannu."

"Ga mai bokitai nan ta rasa aikin yi." Ya taso ya zo ya tsaya a lungun, ya ɗaga kai yana auna inda rana ke bi. "Ni dai ba na jin zan ɗinka komai a inuwarsa. Amma ta wajen da ya kamata yake."

Ya koma kan kujerarsa, ya ɗauki allurar hannu ya ɗaga ta sama, ya matso da ita, ya nisanta ta, ya lashi bakin zaren, ya gwada, ya kuskure.

"Uwata," ya ce, "zo ki zura mini wannan, in ba ki gaji ba. Ki zura da yawa ki jera mini, kafin rana ta juyo."